Katin Shawara da Abin da Ba Ya Cikinsa: Sharhi Kan Rigakafin Mai Tafiya Ƙasashe Masu Zafi

Duk mai shirin fita ƙasar waje daga Kano, Yamai ko Garwa ya san tambayar da ejan ke jefowa da zarar an gama maganar fasfo da biza: "Kana da yalo kad?" Mai shi sai ya ɗauka batun lafiya ya ƙare. Marar shi kuwa, sau da yawa abin da yake tambaya shi ne nawa ake bayarwa, bai damu da inda ake yin allurar ba. Daga nan ruɗanin ya samo asali. Jama'a sun cakuɗa abubuwa biyu. Akwai allurar da ƙasa ke tilasta wa baƙo domin ta tsare mutanenta daga abin da zai iya shigo mata da shi, akwai kuma matakan da shi baƙon ke buƙata domin ya je lafiya ya dawo lafiya. Jami'in kan iyaka da na farkon kaɗai ya damu. Na biyun, wanda shi ne ya fi kwantar da matafiya a gadon asibiti, babu mai tambayar sa a filin jirgi.

Ga wani ruɗanin kuma da ya keɓanta da mu. Yawancin gargaɗin da ake rubutawa kan tafiya ƙasashe masu zafi, domin Turawa aka rubuta shi. Mutumin da ya tashi a Sakkwato ko Damagaram, cikin sauro da zafin bazara, yakan ga shi gargaɗin bai shafe shi ba. Ya shafe shi, sai dai ta wata fuska daban.

Ma'anar kalmomin

Ƙasashe masu zafi, a wurin masana taswirar duniya, su ne waɗanda ke tsakanin layuka biyu da ke nisan digiri 23.5 arewa da kudu da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu. Najeriya da Ghana da Kamaru na ciki, haka kusan dukan Nijar da Chadi, haka Makka da Jidda, kudancin Indiya, Malesiya, Tailan da mafi yawan Barazil. Zama cikin yanki ɗaya bai sa cututtukansu suka zama ɗaya ba. Adis Ababa na kan tudu mai tsawon sama da mita 2,300, sauron maleriya bai cika jin daɗin wurin ba. Nairobi ma haɗarinta kaɗan ne, alhali Mombasa da ke bakin teku a ƙasa ɗaya tana fama da cutar.

Allurar rigakafi ita ce wadda ke koya wa garkuwar jiki gane wata ƙwayar cuta tun kafin su haɗu. Tana buƙatar kwanaki kafin ta fara aiki, shi ya sa wadda aka yi ana gobe tafiya ba ta da amfani a ranar sauka. Maganin kariya kuwa ƙwaya ce da lafiyayyen mutum ke sha a tsawon tafiyarsa, kamar na maleriya. Ba ya koya wa jiki komai. Da an daina sha, kariyar ta tafi.

Sai shawara. A bakin jama'a, duk wanda idonsa ya yi rawaya ana cewa shawara ce ta kama shi, ko ciwon hanta ne ya jawo, ko sikila, ko maleriya mai tsanani. Zazzaɓin shawara da ake maganar katinsa cuta ce guda takamaimiya, ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, sauro kuma ke ɗauko ta daga biri zuwa mutum ko daga mutum zuwa mutum. Saboda haka wanda ya taɓa yin rawayar ido yana yaro ba shi da hujjar cewa ya riga ya yi cutar. Katin da ake kira yalo kad, saboda launinsa na ruwan ɗorawa, takardar shaidar rigakafi ce ta ƙasa da ƙasa, wadda Dokokin Lafiya na Duniya na 2005 suka tsara fasalinta a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya.

Yadda katin ya samo asali

Tarihin wannan allura yana da saiwa a Afirka ta Yamma. A 1927 masu bincike na gidauniyar Rockefeller, waɗanda ke da ɗakin gwaji a Yaba da ke Legas, suka ware ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin Ghana mai suna Asibi, wanda ya kamu ya kuma warke. Aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya mutu da cutar a Legas a shekarar, Hideyo Noguchi ɗan Japan ya bi shi a Akara a 1928. Daga wannan ƙwayar ta Asibi ne Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi ta raunana ta har ya samar da allurar da ake kira 17D a 1937, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1951. Allurar da ake yi wa matafiya a yau jikanyar waccan ce.

A da katin na ɗauke da shaidar cututtuka fiye da ɗaya. An cire kwalara a 1973 da aka ga allurar wancan zamani ba ta hana cutar ƙetare iyaka. An cire agana bayan an ayyana kawar da ita daga duniya a 1980. Zazzaɓin shawara ne ya rage a matsayin cutar da dokokin suka ambata da suna cewa ƙasa na iya neman shaidarta daga baƙo a kowane lokaci.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Cutar na ɓoye a jiki kwana 3 zuwa 6 kafin ta bayyana, lokacin da ya ishi mutum ya tashi daga Abuja ya sauka kowace kusurwa ta duniya yana jin garau. Yawancin waɗanda suka kamu sukan yi zazzaɓi da ciwon baya da amai su warke. Wajen kashi 15 cikin 100 na masu alamun kuwa, bayan sun ji sauƙi na kwana guda, sai cutar ta dawo da ƙarfi: ido ya yi rawaya, hanta da ƙoda su gaza, jini ya riƙa fita ta baki da hanci. Kusan rabin waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da asibiti ke yi shi ne tallafa wa jiki. Allura ɗaya kuma tana ba wa fiye da 99 cikin 100 kariya cikin wata guda.

Abin da ya sa wasu ƙasashe ke tsaurarawa

Matafiya kan yi ƙorafin cewa Indiya, wadda ba a taɓa samun ɓarkewar shawara a cikinta ba, ita ce ta fi kowa tsanani: wanda ya fito daga ƙasar da cutar take ba tare da ingantaccen kati ba, ana iya killace shi har kwana 6. Amma rashin cutar shi ne dalilin tsananin. Sauron da ke yaɗa ta a birane, nau'in Aedes mai zanen fari a ƙafafu, ya cika Asiya, ga kuma ɗaruruwan miliyoyin mutane da ba su da garkuwar cutar ko kaɗan. Busasshiyar ciyawa ce ke jiran tartsatsi. A 2016 an ga yadda hakan zai iya faruwa. Annobar da ta ɓarke a Luwanda ta Angola a ƙarshen 2015 ta tsallaka Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Kenya, sannan ma'aikata 11 'yan Sin suka koma gida ɗauke da cutar, karo na farko da aka tabbatar da ita a Asiya. Ajiyar gaggawa ta duniya, mai allura miliyan 6, ta ƙare, har sai da aka koma raba allurar mutum ɗaya wa mutum biyar a Kinshasa.

Ƙa'idojin sun kasu biyu, kuma a nan mutane kan yi tuntuɓe. Wasu ƙasashen da cutar ke cikinsu, kamar Ghana, na neman katin daga kowane baƙo ko daga ina ya fito. Wasu kuwa, kamar Indiya, Masar da Afirka ta Kudu, daga wanda ya fito ko ya ratsa ƙasar da ke da cutar suke nema. Ratsawar ma na da ƙa'ida: a ƙasashe da dama, wanda ya zauna fiye da awa 12 a filin jirgin irin wannan ƙasa yana jiran canjin jirgi ana lissafa shi kamar ya shiga ƙasar. Kuma ko'ina ne, kati ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar.

Akwai masu kallon wannan tsari a matsayin wata hanyar wulaƙanta 'yan Afirka. Ba a rasa abin da suke kafa hujja da shi ba. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesbag bisa zargin katinsu na jabu ne, Najeriya ta rama da mayar da 'yan Afirka ta Kudu, har sai da Piretoriya ta nemi afuwa. An yi gaggawa an kuma yi cin fuska a wannan lamari. Sai dai gaskiya ɗaya ce: sayar da kati ba tare da allura ba abu ne da kowa ya san ana yi. Shi ya sa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Najeriya ta fito da sabon kati mai lambar da ake dubawa da na'ura, wanda ya maye gurbin tsohon a 2019, ana kuma karɓar sa ta hannun sashen kula da lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Na'ura na iya tabbatar da cewa hukuma ce ta fitar da kati. Ko allurar ta shiga dantsen mai shi, wannan ya dogara ga amanar ma'aikaci da hankalin matafiyin.

Wanda ya sayi kati kansa ya cuta, domin cutar ba sai an ƙetare teku ake gamuwa da ita ba. Ta yi ɓarna a yankin Jos a 1969. Ta sake kunno kai a jihar Kwara a 2017 bayan shekaru ana ganin ta lafa, a 2019 kuma ta ɓulla a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauci, inda cikin waɗanda suka rasu har da ɗaliban da suka je yawon buɗe ido gandun dajin Yankari. A 2021 ta kama makiyaya marasa rigakafi a arewacin Ghana.

Shekara goma ko har ƙarshen rayuwa

Wannan ita ce tambayar da ta fi haddasa gardama a kan iyakoki. A da katin na aiki shekara 10 ne. Bayan nazarin masana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke cewa allura ɗaya ta wadatar, aka gyara dokar, gyaran ya fara aiki ranar 11 ga Yuli, 2016. Tun daga ranar, ingantaccen kati na aiki muddin ran mai shi, ko da an rubuta masa ranar ƙarewa a jiki, kuma babu ƙasar da doka ta ba ta damar neman a sake allura a matsayin sharaɗin shiga. Jami'in da ya ce kati ya ƙare, ko dai bai san gyaran ba, ko kuma wani abin yake nema.

Ta fuskar likitanci kuwa magana ba ta rufe ba. Hukumomin lafiya na wasu ƙasashe, ciki har da Amurka, na ba da shawarar a ƙara wa wasu rukunoni, kamar matar da aka yi mata tana da juna biyu da mai ɗauke da cutar ƙanjamau. Wani bincike da aka yi a Mali da Ghana, aka buga a 2019, ya nuna alamun garkuwar na raguwa a jinin yara da yawa da aka yi musu suna jarirai. Wannan ya shafe mu, tunda a Najeriya ana yi wa yaro allurar yana wata 9. Masana na ci gaba da muhawara a kai, amma doka ba ta canza ba.

Akwai kuma waɗanda allurar ba ta dace da su ba, domin ƙwayar da ke cikinta rayayya ce da aka raunana: jaririn da bai kai wata 6 ba, mai garkuwar jiki mai rauni sosai, da wanda jikinsa ke yin mummunar borin ƙwai. Mai ciki, mai shayarwa da wanda ya haura shekara 60 sai likita ya auna amfani da haɗari. Irin waɗannan takardar uzuri likita ke rubuta musu. Ƙasar da za a je tana da ikon karɓa ko ƙi, sauro kuwa bai san da takardar ba, don haka mai uzuri shi ya fi kowa buƙatar kiyaye cizo.

Alhazai da sanƙarau

Tafiyar da ta fi kowace tara Hausawa ita ce ta Hajji da Umara, kuma a can sharaɗin da ya fi muhimmanci na sanƙarau ne. Ƙasar Hausa na tsakiyar zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi da rani. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum wajen 250,000 a yankin ta kashe kimanin 25,000. Cutar na bin numfashi, kuma mutum na iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsa yana lafiya ƙalau yana raba wa jama'a. Cunkoson Mina da masaukan Makka wuri ne da ya dace da ita. Bayan ɓarkewar nau'in A a Hajjin 1987 Saudiyya ta wajabta allura. A 2000 da 2001 sai wani nau'in, W135, ya ɓulla, alhazai suka kai shi ƙasashensu, aka koma neman allurar da ta haɗa nau'i huɗu, A da C da W da Y, wadda za a yi aƙalla kwana 10 kafin isowa. Tsohon samfurinta na aiki shekara 3, sabon kuma 5.

Abin lura shi ne allurar MenAfriVac da aka yi wa miliyoyin matasa a ƙasashenmu tun daga 2010 nau'in A kaɗai take karewa. Ta yi aikinta, domin nau'in A ya kusan ɓacewa, amma nau'in C ya ɓarke a Yamai a 2015, ya kuma taso daga Zamfara a ƙarshen 2016 ya kashe fiye da mutum dubu. Wanda aka yi wa waccan allura bai cika sharaɗin Saudiyya ba. A lokacin annobar Yamai ɗin ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a Nijar, abin da ya isa ya hana mutum karɓar allura a hannun ɗan kasuwa.

Saudiyya kan nemi shaidar rigakafin shan inna ma daga ƙasashen da take ganin ƙwayar na yawo, jerin kuma na canzawa shekara zuwa shekara. Amma abin da ya kashe fiye da mutum 1,300 a Hajjin 2024 zafin rana ne, wanda ba shi da allura, sai laima da ruwa da guje wa fita da tsakar rana.

Maleriya, wadda ba ta da kati

Cikin cututtukan da sauro ke yaɗawa, babu mai kashe matafiya kamar maleriya, kuma babu ƙasar da ke neman shaidar komai a kanta. Wasu sun ji labarin sabuwar allurar maleriya sun ɗauka ta matafiya ce. Allurai biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, na ƙananan yara ne mazauna yankunan cutar. Kamaru ta fara saka ta cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024, Najeriya ta fara da jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban shekarar. Ana yin ta kashi-kashi cikin watanni, kariyarta kuma ba cikakkiya ba ce. Ba a yi wa babban da zai yi tafiyar mako biyu.

Mazaunin Kano da zai je Kwatano ko Duwala bai canza haɗarinsa sosai ba, tunda Najeriya kaɗai ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya. Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan'uwan da ya daɗe a Ingila, Jamus, Amurka ko ƙasashen Larabawa ya zo ganin gida. Juriyar da babba ke da ita a nan ba ta gado ba ce. Yawan cizo ne tun ƙuruciya ya gina ta, ba ta taɓa zama cikakkiya ba, kuma tana zagwanyewa idan mutum ya daɗe a inda babu cutar. Yaran da aka haifa a can ba su da ita ko ƙanƙani. Alƙaluman hukumomin lafiya na Birtaniya sun daɗe suna nuna cewa mafi yawan masu komawa da maleriya waɗanda suka je ziyarar dangi ne, galibi a Afirka ta Yamma, ba 'yan yawon buɗe ido ba. Dalilin a bayyane yake. Bature na tsoron Afirka, sai ya ga likita, ya sha ƙwayarsa, ya kwana a otal mai na'urar sanyaya ɗaki. Ɗan gida yakan ce ai gida zai je. Ya kwana a ƙauye a tsakar gida, ya daɗe, wani lokacin ma kunya ta hana shi ɗaura gidan sauro kada a ce ya zama Bature.

Magungunan kariya da aka fi bayarwa uku ne, kowanne da ƙa'idarsa. Wanda aka sani da Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a sha kullum, a ci gaba kwana 7 bayan barin yankin. Ba ya cika damun mutane amma yana da tsada. Doksisaikilin ya fi araha, shi ma kullum ne, sai dai ana ci gaba da shi mako 4 bayan dawowa, kuma ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro. Meflokwin sau ɗaya ake sha a mako, a fara mako biyu zuwa uku kafin tafiya, amma ba a ba mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa fama da taɓin hankali ko tsananin damuwa. Kulorokwin da iyayenmu suka sani ya daina tasiri kan irin maleriyar Afirka tun da daɗewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye maganin ranar da aka sauka gida, alhali a lokacin ne ƙwayar da ta ɓuya a hanta ke fitowa cikin jini.

Masu cewa gara a jira in ta zo a sha magani suna da hujja idan mazaunin ƙasar ne kuma asibiti na kusa. Ga wanda ba shi da juriya, nau'in da ya mamaye Afirka na iya kai mutum ga suma cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ciki da mai sikila haɗarinsu ya ninka. Wanda kuma ke da rabin jinin sikila, wato AS, yana da ɗan sassauci daga mai tsananin, amma yana kamuwa.

Sauron rana, ruwa, abinci da kare

Gidan sauro na maganin sauron maleriya ne saboda shi da dare yake cizo. Aedes da rana yake fita, musamman da hantsi da la'asar, yana kuma hayayyafa a tsabtataccen ruwan randa, tanki da tsohuwar taya. Shi ke yaɗa dengi, zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi da ƙasusuwa da ya addabi Indiya, Malesiya, Tailan da Barazil, wato wuraren da ɗalibanmu, 'yan kasuwa da masu neman magani ke zuwa. Yana Jidda tun shekarun 1990, ya yi mummunar ɓarna a Burkina Faso a 2023, an kuma tabbatar da shi a Sakkwato a ƙarshen shekarar. Kariyarsa doguwar riga ce da man shafawa mai sinadarin DEET. Wanda ake zargin dengi ce ta kama shi farasitamol zai sha. Asfirin da ibufurofin na ƙara haɗarin zubar jini.

Taifot da ciwon hanta nau'in A da kwalara ta baki suke shiga, kuma dukansu suna da rigakafi. Ta taifot ta ƙara muhimmanci ga mai zuwa Kudancin Asiya tun da wani nau'i mai bijire wa yawancin magunguna ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan a 2016. Sauran ƙa'idojin tsofaffi ne: ruwan da aka tafasa ko na kwalba mai hatimi, abinci da zafinsa, 'ya'yan itacen da mutum ya ɓare da hannunsa, a kuma yi hattara da ƙanƙarar da ake jefawa a lemo. Ƙunshin gishiri da sukari na gudawa ba ya cin wuri a jaka. Wanka a tafki ko kogi na jawo tsargiya. Ciwon hanta nau'in B na bin jini, saboda haka alhajin da zai yi aski ya tabbatar sabuwar reza ce.

Haukan kare na kashe wajen mutum 59,000 a shekara, akasari a Asiya da Afirka, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tsira. Wanda kare, kyanwa ko biri ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya bari sai ya koma gida.

Masu ɗari-ɗari da allura

Rashin yarda da allura a Arewa yana da tarihi, kuma ba adalci ba ne a kira shi jahilci kawai. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano, lamarin da ya kai ga shari'a da sulhun biyan diyya a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Amma Trovan magani ne da ke matakin gwaji, allurar shawara kuwa an shafe fiye da shekara 80 ana amfani da ita. Tana da illa mai tsanani ga 'yan ƙalilan ƙwarai, galibi tsofaffi da masu raunin garkuwa, shi ya sa ake tambayoyi kafin a yi. Ƙauracewar 2003 kuma ta bar darasi da ya shafi tafiye-tafiye kai tsaye: ƙwayar shan inna ta fita daga Najeriya ta sake kama ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya, kuma sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar.

Masu ganin kamar ɗaukar mataki ya saɓa wa tawakkali, malamai kan tuna musu da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, bayan ya yi shawara da sahabbai.

Abin da ake hange nan gaba

Ma'aikatan lafiya na son ganin matafiyi mako 4 zuwa 6 kafin ranar tashi, saboda wasu allurai na buƙatar fiye da zuwa ɗaya, kuma masu rayayyar ƙwaya, kamar ta shawara da ta ƙyanda, ko dai a yi su rana ɗaya ko a bar tazarar mako 4. Tsarin tafiyarmu bai cika ba da wannan dama ba: biza kan fito ana saura kwana uku, kuma a wannan matsi ne mai sayar da kati ke samun kasuwa. Gyaran da aka yi wa Dokokin Lafiya na Duniya a 2024 ya buɗe ƙofar karɓar shaidar rigakafi ta na'ura, abin da zai ƙara wa mai jabun kati wahala, ya kuma ƙara wa wanda tsohon katinsa na gaskiya ba ya cikin rajista zirga-zirga.

Taswirar cututtukan ma na motsi. Wani sauron maleriya ɗan asalin Asiya, mai iya rayuwa a tankunan birni, ya bayyana a Jibuti a 2012, aka gan shi a jihar Gombe a 2020 da Ghana a 2022. A ɗaya ɓangaren kuma ƙasashe na rabuwa da cutar: an tabbatar wa Aljeriya a 2019, Sin a 2021, Kef Bad da Masar a 2024. Wannan na da wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. Likitan Alƙahira ko Gwanzu ta Sin da ya shekara bai ga mai maleriya ba zai iya ɗaukar zazzaɓin baƙo a matsayin mura. Maleriya kan bayyana daga kwana 7 bayan cizo, mafi yawa cikin wata uku, wani lokacin har kusan shekara. Duk wanda zazzaɓi ya kama shi a wannan tsakani, a ƙasar da ya je ko wadda ya koma, ya fara gaya wa likita ƙasashen da ya bi da ranakun, ya kuma nemi a yi masa gwajin jini a ranar, ko da ya sha maganin kariyarsa bai tsallake ko ɗaya ba.